Tsarabar Ingila a gwangwani: yadda ake ɗanɗana Pale Ale mara barasa

Wanda ya tashi yana shan Maltina a gidan biki ko a bakin gadon mara lafiya, da ya ji an ce abu na da ɗanɗanon malt, zaƙi ne ke fara faɗo masa a rai. Shi ya sa idan ɗan'uwa ya dawo daga Ingila da tsarabar Pale Ale mara barasa, aka fasa aka kurɓa, sau da yawa sai ka ga fuska ta yamutse: ga ɗaci, ga ƙamshin ɓawon lemo, zaƙin da ake jira kuma babu shi. Nan take sai a ce ta lalace a hanya. Wani lokacin ta lalacen da gaske. Wani lokacin kuma lafiyarta ƙalau, harshen ne bai san abin da zai nema ba. Rarrabe waɗannan biyun yana da ƙa'ida, kuma ana iya koyonta.

Kafin a je ko'ina, a faɗi gaskiyar abin. Pale Ale asalinta giya ce ta Ingila, barasar da ke cikinta takan kai kashi 4 zuwa 5 da ɗoriya cikin 100. Sunan nata na nufin mai hasken launi, domin da aka fara busar da tsiron sha'ir da gawayin kwal mara hayaƙi a maimakon itace da kara, sai tsiron ya daina yin baƙi da warin hayaƙi. Garin Burton da ke bakin kogin Trent shi ya yi suna da ita, saboda ruwan rijiyoyinsa na ɗauke da gishirin jifsam mai yawa, wanda ke fito da ɗaci tsaf ya bar baki a bushe. A can aka kafa kamfanin Bass a 1777, kuma jan tambarinsa mai kusurwa uku shi ne tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, a 1876. Amurkawa sun sake mata fasali a 1980, lokacin da kamfanin Sierra Nevada a garin Chico na Kalifoniya ya dafa tasa da hof, wato furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, irin da ake kira Cascade, mai ƙamshin garehul. Ƙananan masu dafawa na yau, a Ingila da Amurka, tsakanin salon Burton da salon Amurka suke kai-komo.

Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ƙanwarta, wadda aka rage wa barasa ko aka hana ta samuwa tun farko. A nan sai an karanta jikin gwangwani da idon basira. Ƙa'idar gwamnati a Ingila ta kasa su uku: abin da bai wuce kashi 0.05 ba shi ne mara barasa, abin da aka cire wa barasa har ta dawo kashi 0.5 ko ƙasa yana da nasa suna, abin da bai wuce kashi 1.2 ba kuma mai ƙarancin barasa ne. Sai dai ƙa'idar shawara ce, ba tilas ba, kuma a Jamus abin da ya kai 0.5 ma mara barasa ake rubuta masa. Saboda haka kada manyan haruffan gaba su ɗauke maka hankali, nemi lambar. Gwangwani mai mililita 330 da aka rubuta wa 0.5 yana iya ɗauke da barasa har mililita ɗaya da rabi da ɗan ɗori, na asali mai 4.5 kuwa kusan mililita 15 ne.

Yadda aka yi ta ma abin sani ne, musamman ga Musulmi mai son ya kai tambaya gaban malami, domin ba a amsa tambayar da ba a fayyace ba. Manyan hanyoyin uku ne. Ta farko, a dafa giya cikakkiya sannan a ɗumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda barasa ke tashi tururi a digiri 35 zuwa 45 a maimakon 78. Ta biyu, a matsa giyar ta jikin wata matata mai ƙananan ƙofofi wadda ruwa da barasa ke ratsawa, ɗanɗano ya tsaya, sannan a mayar da ruwa zalla. Kamfanin Adnams na garin Southwold da wannan hanyar yake yin tasa mai suna Ghost Ship mai 0.5 tun 2018. Ta uku, ba a bari barasar ta taru: a rage yawan tsiro, a yi amfani da yis ragon ci wanda ba ya iya cin babban kason sukarin, sai aikin ya tsaya a ƙasa da 0.5 da kansa. Kamfanin Big Drop, da aka kafa a 2016, a kan wannan turbar yake. Hukumar kula da harkokin Musulunci ta Malesiya ta bayyana a 2019 cewa abin sha da aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi ba halal ba ne ko da an cire barasar. Wanda ya tsaya a kan wannan fahimta ya san matsayinsa tun kafin ya buɗe jaka. Wanda zai sha kuwa, ga abin da ya kamata ya sani.

Malt ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tsiro ne. Matar da ke jiƙa shinkafa ko dawa ta shimfiɗa a buhu ta rufe har ta tsira, ta shanya ta daka ta zuba a kunu don ya tsinke ya yi zaƙi, aikin da masu malt na Ingila ke yi shi take yi. Su sha'ir suke jiƙawa kwana biyu, ana tsiyaye ruwa ana sakewa, har danshin ƙwayar ya tashi daga kusan kashi 12 zuwa 45. Sai a baza shi kwana huɗu zuwa biyar a wuri mai sanyin digiri 14 zuwa 18, ana juyawa kada saiwoyin su sarƙe. A wannan lokacin ne ƙwayar ke samar da sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari. Daga nan sai busarwa, kuma a nan ɗanɗano ke haihuwa. Ana farawa da iska mai ɗumin digiri 50 zuwa 60 don kada zafi ya kashe sinadaran tun ƙwayar na jiƙe, sai ta bushe a ɗaga wuta zuwa 90 ko 100 na 'yan sa'o'i. Wannan ƙarshen wutar ita ke ba da ƙamshin ɓawon burodi da biskit. Sha'ir ɗin da suka fi yabo a wannan fanni shi ne Maris Otter, iri ne da aka fitar a Kambirij a tsakiyar shekarun 1960, kuma idan ka ga sunansa a jikin gwangwani to mai dafawar ya kashe kuɗi a kan tsiro.

Akwai tsiro na biyu da ake haɗawa kaɗan, kashi 5 zuwa 10 na hatsin gaba ɗaya. Shi ba a busar da shi tukuna, a jiƙe ake turara shi a digiri 65 zuwa 70 har sitacin ya zama sukari a cikin ƙwayar, sannan a gasa shi a 120 zuwa sama sukarin ya ƙone ya daskare. Idan ka tauna shi za ka ji mazarƙwaila, wanda aka fi gasawa kuma ya yi kamar zabibi. Shi ke ba da launin jan ƙarfe. Idan aka zarce da shi, ya wuce kashi 15, abin sha kan yi nauyi ya gundiri baki, kuma a ganina wannan ne kuskuren da masu yin mara barasa suka fi faɗawa, don suna neman abin da zai cike gurbin kaurin da barasa ke bayarwa.

To me ya sa ba ta da zaƙin Maltina, alhali duk tsiro ne? Dalili biyu. Maltina, wadda ta shigo kasuwa a 1976, ba a bari yis ya taɓa ta, sukarin tsiron na nan yadda yake, kuma ana ƙara mata sukari da ƙonannen sukari a kai. Pale Ale kuwa ana jiƙa niƙaƙƙen tsiro a ruwa mai digiri 65 zuwa 67 na sa'a guda, a tace, a tafasa ruwan da furen hof sa'a guda, a huce shi, yis ya cinye mafi yawan sukarin a digiri 18 zuwa 20. Abin da ya rage ƙamshin hatsi ne da ɗan kauri. Dalili na biyu hatsin kansa. Lokacin da aka hana shigo da tsiron sha'ir Najeriya a 1988, masana'antun ƙasar suka koma ga dawa da masara, har irin dawar nan SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar ta samu kasuwa a wurinsu. Sitacin dawa sai zafi ya haura digiri 70 yake narkewa sosai, kuma tsironta ba shi da yawan sinadarin da ke yanka sitaci zuwa sukarin malt kamar na sha'ir. Harshen da ya saba da malt ɗin gida ya saba da zaƙin da aka ƙara ne fiye da ɗanɗanon ƙwaya. Idan kana son abin kwatance mafi kusa da tsiron sha'ir da aka gasa daidai, tuna ƙanzon da bai ƙone ba, wanda ya yi ja a gindin tukunya.

Yanzu sai hanya, domin rabin abin da za ka ji a kofi a hanya aka ƙaddara shi. Tun a kanti duba kwanan wata. Ƙamshin hof shi ke fara gudu, bayan wata uku zuwa huɗu da cikawa ya riga ya ja baya, don haka ɗauki wadda aka cika kwanan nan, kuma wadda ke cikin firji ta fi wadda ke kan kanta a ƙarƙashin fitila. Gwangwani ya fi kwalba ta kowace fuska: haske ba ya shiga, iska ba ta kutsawa ta murfi, ga sauƙin nauyi. Gwangwani mai mililita 330 kusan giram 350 ne, shida sun kai kilo biyu da 'yan kai. Kwalbar rabin lita kuwa takan kusa giram 800, shida sun cinye kusan kilo biyar daga cikin 23 da yawancin jirage ke bayarwa. Idan dole sai kwalba, to ruwan ƙasa. Koriya da fara ba sa tare haske.

Jakar hannu ba ta ɗaukar ruwan da ya wuce mililita 100 a yawancin filayen jirgi, don haka babbar jaka za ta shiga. Cikin jirgi ba ya fasa gwangwani, wurin kaya ma ana daidaita iskarsa. Jifa da masu lodi ke yi ne ke fasawa. Saka kowane ɗaya a leda mai zif, cusa shi cikin safa, jera su a tsakiyar jaka da tufafi ta ko'ina, kada biyu su haɗa jiki kuma kada su kusanci takalmi mai ƙarfe ko kan caja, domin jikin gwangwani siriri ne, ɗan tsini kaɗan ke huda shi.

Babban abokin gaba yana jira ne bayan an sauka. Tsufan abin sha irin wannan aikin iskar oksijin ne da ta rage a ciki, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurinsa sau biyu ko fiye. Jakar da ta wuni a but ɗin mota a watan Afrilu, daga filin jirgin Kano ko Abuja zuwa gida, ta sha zafin da ya haura digiri 50. Wuni ɗaya a haka ya yi ɓarnar makonni a firji. Shigo da ita cikin mota inda sanyi ke kaiwa, kuma da isa gida a fitar da gwangwanayen kafin a zauna gaisuwa. Mara barasa ta fi ta asali rauni, don barasa na kare abin sha daga ƙwayoyin cuta, ita kuwa ba ta da wannan garkuwar. Shi ya sa masu yin ta ke ɗumama ta bayan cikawa, kuma shi ya sa gwangwanin da ya kumbura kai ko gindi ba a buɗe shi don gwaji, zubarwa ake yi.

A gida a tsayar da ita a firji kwana biyu. Girgizar tafiya ta tayar da gas da gwiɓa, idan aka buɗe da wuri rabi kumfa ne zai tafi. Kuma firji aka ce, ba firiza ba. Saboda rashin tabbas na wuta mun saba tura lemo firiza don ya riƙe sanyi, amma wannan a kusan digiri sifili take daskarewa, ta riga giya mai barasa da kusan digiri biyu. Idan ta daskare ta narke, gas ya rabu da ruwa, furotin ya dunƙule ya yi gajimare, ko gwangwanin ya tsage. Inda wuta ba ta zama, kula mai ƙanƙara a gefe ta isa, ko randa a ɗaki mai duhu. Sanyi matsakaici wanda ba ya canzawa ya fi sanyi mai tsanani da ke zuwa yana tafiya.

Ranar sha, a gyara wuri kamar yadda ake gyara baki. Ɗakin da aka yi turaren wuta ko aka fesa humra ba wurin ɗanɗano ba ne, hanci ba zai ji komai ba sai su. Goro, minti, man goge baki da yaji duk a nisance su sa'a guda kafin nan. Kofin gilashi ake so, mai ɗan faɗin ciki da tsukakken baki, wanda bai taɓa ganin madara ko mai ba, a wanke a ɗauraye sosai a bar shi ya tsane da kansa. Maiƙo ko ragowar sabulu na kashe kumfa cikin daƙiƙoƙi, kuma idan ka ga ƙwayoyin gas sun manne a jikin kofi to bai wanku ba.

Sanyin da ya dace digiri 9 zuwa 12 ne. Firji na kusan 4, kuma a wannan sanyin tsiro bebe ne, ɗaci da gas kaɗai ke magana. A zafinmu minti biyar zuwa bakwai a waje ya isa, da hunturu a ba shi goma. Karkata kofin ka zuba a jikinsa har ya kai rabi, sannan ka miƙar da shi ka zuba a tsakiya kumfa ta tashi kamar faɗin yatsa biyu. Kada a sha daga gwangwani, wanda ya yi haka ya bar hancinsa a waje, alhali hanci ne ke yin mafi yawan aikin.

Ɗaga kofin ka duba. Launi daga ruwan zinare zuwa jan ƙarfe daidai ne. Idan ya yi duhu ya dushe kamar shayin da ya kwana, alamar tsufa ce. Sunsuna nan da nan, gajeren numfashi sau biyu ko uku, domin ƙamshin hof a minti na farko ya fi ƙarfi: irin na Ingila, kamar Goldings da Fuggle, ciyawa da ƙasa da ganyen shayi suke tunatarwa, na Amurka kamar Citra kuma lemon tsami da mangwaro. Sai ka rufe bakin kofin da tafin hannu, ka ɗan juya, ka buɗe ka sake sunsunawa. A karo na biyun ne tsiro ke fitowa daga ƙasa.

Kurɓar farko ba a yi mata hukunci, wanke baki ce. A ta biyu ɗauki kamar cokali ɗaya babba, bar shi ya zagaya harshe daƙiƙa uku zuwa biyar, haɗiye, rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Jerin da ake nema shi ne: ɗan zaƙin hatsi a gaba, burodi ko ƙanzo ko mazarƙwaila a tsakiya, ɗaci a ƙarshe wanda ke share zaƙin ya wuce cikin rabin minti. Wadda aka ce mai tsiro ce, tsakiyar nan ce ya kamata ta cika baki, ɗacin ya zo a matsayin mai rakiya. Ɗaci mai tsabta irin na namijin goro ne, ya zo ya tafi. Idan kuwa ya bar bauri, harshe ya yi kaushi kamar an ci ɗanyen kanya, to an matse ɓawon hatsi fiye da kima ko an wanke shi da ruwa mai zafi da yawa, kuma laifin mai dafawa ne. Rage kashi ɗaya cikin uku a kofi na minti goma ka sake kurɓa. Mai kyau takan ƙara buɗewa idan ta ɗan huce, mara kyau a nan asirinta ke tonuwa.

Ruwa ba ya tsami banza, kowane aibi da mafarinsa, kuma sanin mafarin ne ke nuna ko a zargi hanya ko masana'anta. Warin jiƙaƙƙen kwali ko tsohuwar takarda, tare da wani zaƙi mai kama da tsohuwar zuma da ɓacewar ƙamshin hof, oksijin ne da zafi, wato hanya. Wannan ne ya fi yaudara, domin wanda bai sani ba sai ya ɗauka zaƙin nan shi ne tsiron da ake yabo. Bambancin a hanci yake: tsiro mai rai ƙamshin gidan burodi yake yi da asuba, tsoho kuma warin sito. Wari mai kama da ƙonanniyar roba a kwalba, haske ne ya karya sinadarin ɗacin hof, kuma minti kaɗan a rana ya isa ya jawo shi ko a cikin kofi, don haka a inuwa ake sha.

Sauran daga tukunya suke. Ƙamshin man shanu da santsi a harshe na nufin an raba ta da yis kafin ya gama share bayansa. Warin dafaffiyar masarar gwangwani daga tafasar da ba ta yi ƙarfi ba ce, ko huce ruwan da aka yi a hankali. Tsami irin na nono ko ruwan tsami, tare da kumfar da ke ambaliya ba tsayawa, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, a zubar. Akwai kuma aibin da ya keɓanta da mara barasa: ɗanɗanon ɗanyen ruwan tsiro, kamar dafaffen dankalin Turawa haɗe da kunun da bai nuna ba. Yis ne ke kawar da waɗannan sinadarai yayin aikinsa, to inda aka taƙaita aikin sai su rage. An fi samunsa a waɗanda aka yi ta hanya ta uku. Waɗanda aka tace ko aka ɗumama kuwa matsalarsu tsinkewa ce, sai ka ji kamar an surka da ruwa, shi ya sa wasu ke ƙara sukarin madara ko garin alkama da ots don kauri. Mai rashin jituwa da madara ya duba jerin kayan haɗi kafin ya kai baki.

Sai an gama wannan a kawo abinci. Soyayyar gyaɗa mai ɗan gishiri tana ɗaga ɗanɗanon biskit, gasasshen kifi ko balangu mara yaji sosai suna tafiya da ita don gas da ɗaci na yanke maiƙo. Kilishi mai barkono da yawa kuwa yana ninka ɗacin ya binne tsiron, a ajiye shi sai wani lokaci. Gwangwanin da aka buɗe ba ya kwana, cikin sa'a guda gas da ƙamshi sun tafi, don haka idan shida aka kawo, a buɗe ɗaya a raba wa mutum biyu, sauran biyar su zauna a firji a tsaye, a shanye su cikin wata guda.